Kamen Mabarata Ba Raya Karkara Ba Ne

A watan Oktoba na 2024 Ministan Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya ba da umarni a kwashe mabarata daga titunan Abuja. Aka yi ta kame, ana kai su cibiyar Kuchiko da ke Ƙaramar Hukumar Bwari. Titi ya yi fes na 'yan kwanaki, amma mahukunta ba su tambayi abin da ya raba makaho da gurgu da garuruwansu ba.

Amsar tana nan kusa, a cikin Bwari ɗin. Kubwa ƙauyen Gbagyi ne kafin Abuja ta mai da shi babban gari. A ƙauyukan bayansa, kamar sauran karkarar Arewa, akan haƙa rijiyar burtsatse a kewaye ta da dakalin da keken gurgu ba ya hawa. Akan gina aji da matakala, a buɗe ɗakin shan magani babu mai jin maganar kurame. Ranar rabon taki kuwa, sunan kuturu ba ya cikin takarda. Wanda aka hana ruwa da karatu da gona, ina zai nufa in ba bakin titi ba?

Doka ba ta yi shiru ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019. Ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ashe wanda ya fara karya doka ba mai ƙoƙon bara ba ne, mai rattaba hannu kan kwangila ne.

'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Badun da Shagamu sun san ƙarshen wannan hanya, domin gidan naƙasassu na Oko-Baba a Ikko cike yake da 'yan uwansu. Kuma kuɗinsu ne ke gina masallatai da azuzuwa a gida. Saboda haka wajibi ne kowace ƙungiyar ci gaban gari ta kafa sharaɗi: kada kwabo ya fita sai an sa gangaren keke a zanen gini, an kuma ba naƙasasshe kujera a kwamitin aiki, mai ƙuri'a kamar ta kowa. Sadaka tana kashe yunwar yini guda ne kawai. Hakki suke bi, kuma bashi ne a wuyan gari.