Ra'ayinmu: Tukunyar gaz da kuɗin cikonta a Dakoro

Ranar 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2011 aka buɗe matatar man SORAZ a jahar Damagaram, wadda ke tace ɗanyen man Agadem. Daga nan Nijar ta fara samun gaz na girki daga arzikin ƙasarta. Hukuma ta tsaida farashin ciko: tukunya mai kilo 6 jika ɗaya da dala 160, mai kilo 12 da rabi jika uku da dala 150. Kenan kowane kilo dala 60. Aka ce wa mata su bar itace su koma gaz, don a ceci daji daga hamada.

Magana ce mai kyau. Amma mai ƙosai ko mai tuwo-tuwo a kasuwar Dakoro ta san lissafin bai tsaya nan ba.

Da farko sai ta mallaki tukunyar kanta da murhunta, kuma kuɗinsu ya ninka na ciko sau da yawa. Wadda jarinta bai wuce mudun wake da kwalbar mai ba, ina za ta samo su a tashi ɗaya? Sai aro ko haya, ribar yini ta tafi aljihun mai tukunya.

Na biyu, Dakoro na da nisan fiye da kilomita 100 daga Maraɗi. Tukunya za ta tafi wofi ta dawo cike, kuma kuɗin mota a kan mai saye yake sauka. In gaz ya yi ƙaranci, sai a ɓoye shi a sayar yadda aka ga dama.

Na uku, awo. In aka rage rabin kilo a tukunya, an ci dala 30 na baiwar Allah ba ta sani ba. Wannan haramun ne, kamar tauye mudu.

Shi ya sa da yawa suke komawa ga itace da gawayi, hayaƙi na cin idonsu, daji na ƙarewa. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dashen itace, sauran kwanakin shekara muna sarewa.

Muna kira ga perefe da magajin gari da jami'an ma'aikatar kasuwanci da su sa kowane mai saida gaz ya liƙa farashin hukuma a ƙofar shagonsa, ya kuma ajiye sikeli. In akwai kuɗin sufuri, a faɗi nawa ne a fili. Kamfanonin gaz su kafa babban wurin ajiya a nan Dakoro, su yarda mata su biya kuɗin tukunya kaɗan-kaɗan.

Ku kuma iyayenmu mata, ku sa sayen tukunya cikin adashenku, wannan ta ɗauka yau, waccan gobe. Wajen ciko ku ce a auna a gabanku: nauyin tukunya wofi yana rubuce a jikinta, sai ku ƙara kilo 6 ko 12 da rabi. Kar ku karɓi mai tsatsa ko wadda aka ɗura a bayan gida. In kun ji wari, ku gwada da ruwan sabulu, ban da ashana.

Gaz ɗin namu ne, daga ƙasarmu yake fitowa. Bai kamata ya gagari matar da ke ciyar da gari ba.