Filin Kwamfuta: In Madannai Sun Ƙi Rubutu

Duk lokacin da hunturu ya kama a Garwa da Marwa da Ngaundare, kukan da muka fi ji daga ɗalibai da masu shagon buga takardu shi ne na kwamfutar cinya wadda wasu madannanta suka daina rubutu. Da yawa sukan garzaya wurin mai gyara a ce musu sai an sake kibod ɗungurungum, alhali wani sa'in gyaran bai kai kuɗin shayi ba. Shawararmu ita ce a gano inda cutar take kafin a kwance bakin lalita.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A ari kibod na waje mai igiyar USB a jona. In shi ma ya yi gardama, laifin na saitin Windows ne. In kuwa ya rubuta lafiya lau, to matsalar tana jikin madannan kwamfutar.

Mu fara da saiti. Akwai wani tsari mai suna Filter Keys da aka yi domin masu rawar hannu. In aka danne Shift na dama har daƙiƙa 8, kwamfuta takan tambaya ko a kunna shi, mutum kuma ya amsa bai karanta ba. Daga nan sai ta riƙa yin biris da duk dannawar da aka yi da sauri. Ana kashe shi a sashen kibod cikin saitin Windows. Na biyu, a wasu ƙananan kwamfutoci in Num Lock yana kunne, J da K da L sukan ba da 1 da 2 da 3. A haɗa Fn da Num Lock a danna, shi ke nan. Na uku ya fi shafar mu nan Kamaru, inda kayan Faransa masu jerin AZERTY suke cakuɗe da na Amurka da Ingila masu QWERTY. In an danna A aka ga Q, ko Z aka ga W, babu abin da ya lalace, harshen kibod ne ya sauya. Madannin Windows tare da dogon madannin tazara zai maido da shi.

In kuma jikin madannan ne, a duba yadda suka mutu. Guda ɗaya ko biyu a warwatse, galibi ƙura ce ko ɓarɓashin biredi. A kashe kwamfuta, a karkata ta, a share da burushi mai laushi, a hura iska. Kada a ɓamɓare madanni da wuƙa, domin robar da ke riƙe da shi siririya ce, in ta karye sai haƙuri. Amma in madannai da dama suka mutu lokaci guda, wannan aikin mai gyara ne. Dalili kuwa, an jera su ne bisa layukan waya na haɗin gwiwa, layi ɗaya in ya yanke duk na kansa sun tafi. Sau da yawa faffaɗar igiyar da ta haɗa kibod da cikin kwamfuta ce ta yi sako-sako, mayar da ita kawai za a yi.

Abu biyu ba sa son jinkiri. In shayi ko ruwa ya zuba, a kashe nan take, a cire caja, a kife ta a buɗe, a bar ta kwana biyu kafin a kunna. In kuma aka ga kibod ya taso sama kamar ƙullin da ya kumbura, batir ne ya kumbura, yana iya kama wuta. A daina caji, a kai a canja.

Wanda aiki ya matsa wa, ya danna Windows da Ctrl da O tare, kibod zai fito a kan allo ya lallaɓa da shi. In har ta kai ga saye, a tabbata sabon jerinsa ɗaya da tsohon, a kuma gwada kowane madanni a gaban mai gyara kafin a biya.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.