ARAHA BA TA ADO: WA ZAI BIYA BAƘIN MAN MOTOCIN TSERE?

Duk mai bin babbar hanya ta 1, daga Gidan Rumji ta ratsa Maraɗi zuwa Agye da Gazawa, ya san wannan kallo: mota ƴar gajeruwa mai ƙyalli a gefen kwalta, baki buɗe, maigida cikin babbar riga yana tsaye da galan a hannu. Ba hatsari ba ne. Baƙin mai ne ya ƙare, inji ya ƙone.

Dillali ya ce masa: "Motar tsere ce, shan mai al'adarta ce." Rabin gaskiya ke nan, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓarna. Lalle akwai inji irin na Mazda RX-8 da aka ƙera don ya ƙona ɗan mai da gangan. Amma mafi yawan waɗanda ake kawo mana, zoben fistin ne ya cinye, ko robar balbul ta bushe, ko turbo na yoyo. Shuɗin hayaƙi a salansa shi ne shaida. Ƙurar hunturu da zafin bazara mai wuce digiri 40 sai su ƙarasa aikin.

Mu yi lissafi. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa a sandar awo, galibi lita 1 ce. Motar da ke shan lita 1 a kilomita 1000, in ta je Yamai daga Maraɗi ta komo, fiye da kilomita 1200, ta riga ta faɗi ƙasa da alama. Jar fitila kuwa ba ƙarancin mai take faɗa ba, faɗuwar matsinsa take faɗa. Sa'ad da ta kunnu, ɓarna ta soma.

Ba mu kaɗai ne ke faɗa ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Masu binciken Holan sun gano cewa yawancin waɗanda ke barin ƙasarsu ba su da ingantacciyar takardar lafiya. Abin da aka hana hawa titi can, shi ne ke zama abin taƙama nan!

To, laifin wa? Na ɗan kasuwar da ya ji ƙarar inji ya yi shiru, ya mayar da kilomita baya. Na ma'aikacin da ya ci bashin banki don a ce ya isa, bai ko zaro sandar awo ba. Da na hukuma, in har ta damu da kuɗin duwan fiye da lafiyar abin da ke shigowa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A wajabta gwajin matsin inji kafin sayarwa, a rubuta sakamakon a takardar ciniki, dillali ya sa hannu ya ɗauki lamuni na wasu watanni. Mai saye kuma ya tafi da makanikensa, ya tayar da mota da sanyin safiya ya dubi hayaƙi, ya riƙa auna mai duk lokacin da ya sha isansi.

Ƴan kasuwar Maraɗi da amana suka yi suna, daga Kwatano har Kano. Kada su sayar da ita don ribar mota guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.