Karatun Nesa: Wa Zai Amsa Tambayar Ɗan Alakos?

Daga Garazu, babban garin Alakos cikin gundumar Gure, zuwa Yamai tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. Tun daga 1971, da aka aza harsashin jami'ar Yamai, har zuwa 2010 da aka kafa ta Damagaram, ɗan wannan yanki da ya ci jarrabawar bak ba shi da wata jami'ar gwamnati sai ta babban birni. Wanda ubansa ke da raƙuma ko shago ya tafi, ɗan talaka kuwa ya rungumi ƙaddara. Yau Jami'ar André Salifou ta rage nisa, amma kuɗin ɗaki da na abinci a Damagaram har yanzu suna mai da yara gida. Shi kuma malamin lakwal ko ma'aikacin lafiya da aka tura Alakos, in ya bar wurin aikinsa don ƙaro ilimi, wa zai riƙe masa?

Amsar da ake yawan bayarwa ita ce karatun nesa ta kwamfuta da wayar salula. Magana ce mai daɗin ji, sai dai Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma ya kamata mahukunta su waiwayi baya.

A 1964 aka soma koyar da ƴan firamare ta talabijin a kewayen Yamai, da taimakon Faransa. Shirin ya yi suna har ƙasashen waje, amma ya dogara ga aljihun wasu, bai kuma game ƙasa ba, aka rufe shi a ƙarshen shekarun 1970. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar nesa ta Afirka, wadda jami'ar Yamai ta shiga cikinta: malamai na ba da darasi daga ƙasashen Turawa ta tauraron ɗan'adam, ɗalibai na aika tambaya ta tarho ko wasiƙar intanet. An ci gaba, tunda ɗalibi ya samu bakin magana. Amma ɗakin kallon yana Yamai, don haka ɗan Alakos sai ya yi tafiyar nan dai kafin ya ga fuskar malami a akwati. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sa'ad da cutar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, kowa ya ga cewa darasin da aka tura ta waya yana tsayawa ne inda layin sadarwa ya tsaya.

Darasin a fili yake. Ilimi mai zurfi na samuwa ne wurin tambaya da amsa: ɗalibi ya yi kuskure, malami ya gyara, abokan karatu su yi musu har gaskiya ta fito. Na'urar da ke zuba magana ba ta sauraro, rediyo ce kawai mai tsada. Senegal ta gane haka, domin da ta kafa jami'arta ta intanet a 2013 sai ta gina ɗakunan karatu a garuruwan jihohi, inda ɗalibai ke haɗuwa. Maƙwabciya Najeriya ma, da ta farfaɗo da jami'arta ta karatu daga gida a 2002, cibiyoyi ta buɗe inda ake rajista ake kuma rubuta jarrabawa.

Saboda haka abin da ya dace shi ne Jami'ar André Salifou ta buɗe cibiya a Gure, da ƙaramin ɗaki a Garazu. A sa musu faifan hasken rana, gama yanke wutar da Najeriya ta yi a Agusta 2023 ya nuna haɗarin dogara ga igiyar maƙwabci, kuma marigayi Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, kan binciken hasken rana ya ƙare rayuwarsa. A ɗauki malamai masu bibiya, a biya su, a yanka musu kwanakin da dole su amsa kowace tambaya. A shirya darussa yadda za a sauke su a waya a karanta ko babu layi. A yi jarrabawa a Gure gaban masu sa ido, ma'aikatar ƙwadago kuma ta amince da takardar wajen ƙarin girma, in ba haka ba ma'aikaci ya yi aikin baban giwa.

Masu cewa ba a koyon aikin likita ko awon ƙasa ta akwati suna da gaskiya. Amma lissafin kasuwanci, shari'a, tafiyar da mulki da horon malamai duk suna yiwuwa, su ne kuma yankin ya fi ƙishirwa.

Sauran magana ta kuɗi ce. Ƴan kasuwa da ma'aikata su ne masu biyan haraji, su ne iyayen yaran. Haƙƙinsu ne, duk ranar da aka kira su bikin raba kwamfutoci, su tambayi nawa aka ware wa malamin da zai amsa, da mai gyara in na'ura ta lalace. In ba a faɗi adadi ba, kwangila ce aka ci, kwamfutocin kuwa ƙurar hunturu na jiransu.