"Sauƙin" lanho da ke cinye ribar ƙananan kamfanoni

Bayan shirinmu na daren jiya wani ɗan kasuwa daga Gazawa ya kira ni ransa a ɓace. Yana da ɗan shagon kwanon rufi da ƙarfen gini. Ya ce duk shekara yana biyan impôt synthétique, ba ya karɓar TVA daga hannun kowa, to ina ribarsa ke tafiya? Na ce masa, Alhaji, ka ɗauko takarda mu yi lissafi.

A Nijar TVA kashi 19 ce cikin ɗari. In ka sayo kaya na miliyan 1 wajen babban dila a Maraɗi, za ka biya miliyan 1 da jika 190. Kamfanin da ke régime réel yana cire wannan jika 190 daga TVA ɗin da ya karɓa wajen masu saye, ba daga aljihunsa take fita ba. Kai da ke synthétique ba ka da wannan haƙƙi. Jika 190 ta shige cikin kuɗin kayanka, shi ke nan.

In talakawa kake sayar wa, gaskiya wannan tsarin bai cuce ka ba, tunda ba ka ɗora musu TVA. Amma bari wani kamfanin gini ya samu kwangilar aji biyu a Agye ko Gidan Rumji ya zo neman kwano. Maƙwabcinka na réel zai ba shi a miliyan 1 da jika 150, ya ɗora TVA a kan facture, mai kwangila ya cire ta daga baya. Shi ya ci ribar jika 150. Kai in ka sayar a wannan farashin, ka yi asarar jika 40. In ka ɗaga farashi, mai kwangila ya juya maka baya. Ina sauƙin yake a nan?

Kuma abin da ya fi ci mini rai: synthétique kan cinikin da ka yi ake yanka shi, babu ruwansa da ko ka ci riba ko ka faɗi. Na réel yana biyan kashi 30 na ribar da ya samu bayan ya cire haya, albashi, man mota. Shekarar da damina ta gaza, kasuwar Cadawa ta mutu, shi nauyinsa ya ragu. Kai naka yana nan daram.

Ban ce kowa ya ruga réel ba, wallahi. Can akwai comptable da za ka biya, akwai déclaration a kai a kai, ga facture certifiée da DGI ta kawo. Mai tebur a bakin tasha ba zai iya ba. Amma mai shago mai sayar wa ƴan kwangila, an ya kuwa wani ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan lissafin da Hausa? Takardun duka da Faransanci suke, mu da muka yi collège ma sai mun karanta sau biyu. Ana zuwa karɓar kuɗi da Hausa, bayani kuwa sai da Faransanci.

Ina kira ga ma'aikatan impôts na Maraɗi: micro ɗinmu a buɗe yake. Ku zo ranar Laraba, ku zauna awa ɗaya, ƴan kasuwar Tibiri da Gazawa su kira su yi muku tambaya kai tsaye. Alhajin nan ya ce shi zai fara kira.