Bargon ƙyallaye da ruwan soda

Uwargida, kada ki zubar da ƙyallayen da tela ya dawo miki da su. Da su nake ɗinka bargon jarirai ranar da ba ni da aikin dare: ragowar atamfa a sama, tsohon zani mai laushi a ƙasa. Farin yadin gefe kuwa ni nake ƙulle shi in rina, ko da yake shuɗina bai kama ƙafar na marinar Ƙofar Mata ba.

To, ga maganar asibiti. Galurar kasuwa da soda ake haɗa ta, kuma ruwan soda a ido kamar ruwan sha yake. Na taɓa jinyar yaro ɗan shekara 2 da ya kurɓe shi daga gorar lemo. Maƙogwaronsa ya ƙone, wata da watanni ko kunu da ƙyar yake wucewa. Don Allah kada ki zuba shi a gora. Idan tsautsayi ya gitta, ban da sa yaro amai, ban da ɗura manja, ku nufi asibiti.

Bargon kuma ki yi ta ɗauraya har ruwa ya fita garau. Na shimfiɗa ne, kada ki lulluɓe jariri da shi yana barci.