Agogon aljihu: kayan aro ba ya rufe katara

Wani yayi ya taso daga Turai, ya biyo wayar salula har ya iso ƙauyukan Gulbin Maraɗi: agogon aljihu mai murfi, sarƙarsa tana reto a kan falmaran. Fim ɗin Ingila mai suna Peaky Blinders, wanda aka soma nunawa a 2013, ya taimaka ƙwarai wajen tono shi daga kabari. Saurayin Sarkin Yamma da ya ga hoton ya yi sha'awa bai yi laifi ba, domin ado ba haramun ba ne. Laifin yana wuyan duk mai kiran wannan abu «kayan kakanni», har ya yarda a rataya wa ɗan wasa shi a dandalin al'adu da sunan gargajiya.

Kakannin wa? A farkon ƙarni na 16 maƙeran Nurambak ta Jamus suka soma ƙera ƙananan agogai. Falmaran da sarkin Ingila Charles na Biyu ya fito da ita a 1666 ita ce ta zame wa agogon mazauni. A 1867 Roskopf ya ƙera mai araha a Suwizalan domin leburori. Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya mayar da shi tsintsiyar hannu, don soja ba shi da sukunin laluben aljihu. Saboda haka Baturen da ya rataya shi a yau, kakansa yake tunawa, ma'aikacin jirgin ƙasa ko na masaƙa. Begensa na da tushe.

A ƙasar Hausa kuwa harshe da kansa ya ba da shaida. Kalmar «agogo» aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. «Ƙarfe bakwai» kuma ƙarfe ne na gaske da ake bugawa, irin tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar lakwal. A zamanin mulkin Faransa, agogon yana aljihun kwamanda, gumin kuwa yana jikin talaka: da shi ake auna wunin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Wanda kakansa ya ɗauki kaya a ka ya kamata ya san tarihin sarƙar da yake taƙama da ita.

Za a ce ai al'ada ba ta rayuwa sai da aro. Gaskiya ne, shayi da buta ma baƙi ne suka zama ƴan gida. Kuma akwai agogan da suka cancanci girmamawa: wanda tsohon soja ya dawo da shi daga bariki, ko wanda alhajin Maraɗi ya sayo a Kano da kuɗin gyaɗa. Irin waɗannan shaidun tarihi ne. Aikin ƙungiyoyin al'adu shi ne su nemo su daga adaka, su rubuta sunan mai shi da hanyar da ya bi, tun dattawan da suka san labarin suna raye. Amma na kanti mai batir, da aka shafa wa launin tsufa a masana'anta, ba shi da kaka balle labari.

Babbar asarar ma ba a aljihu take ba, a baki take. Manomin Madarunfa ya san asuba da hantsi da walaha, ya san la'asar sakaliya da almuru da talatainin dare. Gamzaki na tashe shi, kaza da ƴaƴanta na faɗa masa inda shekara ta kai. Wannan shi ne agogon kakanni, ba ya tsatsa, ba ya neman a wana shi. Malamin da ya tambayi ajinsa bambancin hantsi da walaha zai gane da kansa ko gadon na nan ko ya soma zubewa.

Don haka malaman Hausa su sa waɗannan kalmomi cikin darasi da shifta, masu shirya wasa su sa su a bakin ƴan wasa. Saurayi ya rataya sarƙarsa in ya ga dama, amma ya kira ta da sunanta na aro. In kuwa ya buɗe murfi ya karanta ƙarfe tara, a tambaye shi ko hantsi ne ko walaha.